Gorar da Ba Ta Bushe Ba

Da sandar kamun kifi wani saurayi ya shigo rumfar, naɗe cikin tsohon zanen gado, ya rungumo ta kamar mai ɗauke da jariri. Sai da ya yi sallama sau biyu kafin dattijon da ke zaune a bakin ƙofa ya ɗago kai.

Dattijon shi ne Mai Gora. Duk mai kamun kifi da sanda a garin ya san shi, don shekara talatin ke nan yana yi wa sanduna kube. Gora ce doguwa ake rarake cikinta, a yi mata gindi da murfi da igiyar ratayawa, mutum ya zura sandarsa ciki ya yi tafiyarsa ba fargabar karyewa.

"Baba, kube nake so a yi wa wannan. Ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Ita kaɗai ya bar mini da zan iya taɓawa."

Mai Gora ya miƙa hannu. Hannun ya wuce sandar da kusan taƙi guda, ya kamo iska, sannan ya lalubo ta. Wani ba zai kula ba. Shi kuwa saurayin shekara shida yana aiki a shagon tabarau, yana gwada wa mutane gilashi safe da yamma, ya san yadda ido ke yi in ya fara sallama da mai shi. 

"Auta! Kawo awo."

Aka ɗaga labulen buhu da ya raba rumfar biyu. Budurwa ta fito, 'yar dattijon, garin gora ya yi mata fari a gira, igiyar awo a hannunta na hagu. Ta durƙusa ta auna sandar gaɓa uku. Tana faɗin lambar ƙasa-ƙasa, dattijon yana maimaitawa da ƙarfi kamar shi ya gani.

Da ta ɗago suka yi ido huɗu. Saurayin ya gyara zaman tabaraunsa da bai karkace ba.

"Gorar da za ta ɗauki tsawon nan tana kan rataya, ba ta gama bushewa ba," in ji ta. "Sai bayan wata biyu."

"Wata biyu?"

"In kana sauri akwai na roba a kasuwa."

"A'a, ba na sauri," ya ce da sauri, har ta kusa dariya.

Ya bar sandar, ya bar lambar wayarsa. Ita ta rubuta lambar a jikin wata guntuwar gora, don ita ke rubuta komai a rumfar.

Bayan kwana uku saƙonsa ya shigo.

"Assalamu alaikum. Mai sandar nan ne. Ina tambaya ne ko gorar ta bushe."

Ta amsa: "Kwana uku fa, Ido Huɗu. Gora ce, ba wanki ba."

"Ido Huɗu kuma?"

"Biyu naka, biyu na gilashi. Kuma duka huɗun sun yi mini kallon da ba na kube ba."

Sunan ya bi shi daga ranar.

Ya riƙa zuwa duk bayan la'asar idan ya tashi daga aiki, wai ya zo duba lafiyar sandarsa. Mai Gora kan tafi masallaci a lokacin, yayanta kuma yana yawon kai kaya shaguna. Sai Ido Huɗu ya zauna kan kututture a bakin labule yana kallon abin da garin bai sani ba.

Auta ce ke yin komai. Ita ke zaɓen gorar da ta shekara huɗu a tsaye. Ita ke jiƙa ta a ruwa wata guda don zaƙin cikinta ya fita, ƙwaro ya rasa abin ci. Ita ke jujjuya ta a kan garwashi har ta yi gumi ta miƙe. Ta zura dogon rodi ta huda gaɓoɓin ciki ɗaya bayan ɗaya, ta goge cikin har ya yi santsi, ta shimfiɗa ƙyalle mai laushi, ta naɗe baki da gindi da zare mai ƙarfi don kada gorar ta tsage. A ƙarshe ta ɗora tambarin mahaifinta da ƙarfe mai zafi.

"Me ya sa naɗinki yake bin hagu?" ya tambaye ta wata rana.

"Bahaguwa ce ni. Baba ya yi duka har ya gaji."

"Tun yaushe kike yin aikin nan ke kaɗai?"

Ta ci gaba da naɗi ba ta dube shi ba. "Shekara huɗu."

"Tun da idonsa ya fara?"

Zaren ya tsaya a hannunta. Ta leƙa waje, ta dawo da kallonta gare shi.

"Kada ka sake faɗin wannan maganar a rumfar nan. Mutane sunan Baba suke saya. Ranar da aka ji ba ya gani, ranar za a daina zuwa."

"Amma akwai likita, Auta. Wani ciwon idon in an yi sauri…"

"Kai ka gaya masa in ka isa."

Ya bar maganar a ranar. Wata rana ya kawo mata tabarau fari na kare ido, don ya ga yadda garin gora ke shiga mata. Ta saka ta kalli kanta a gilashin wayarta.

"Yanzu mun zama ido takwas."

"Hasken idona," ya ce, "ni fa ba sanda ce ke kawo ni ba."

"Na sani. Sanda ba ta ciwon kai da za a riƙa duba ta kullum."

Shekarunta ashirin da bakwai. Samari uku sun zo a baya, kowanne an samo masa aibi. Na farko aka ce danginsa ba su da asali. Na biyu aka ce an gan shi inda bai kamata ba. Na uku ya daina zuwa haka kawai, ba sallama. Ta ɗauka rabonta ne bai zo ba, ta yi kuka ta share, ta koma kan gorarta.

Wannan karon ta ji abin daban. In wayarta ta yi ƙara tana tsakiyar huda gaɓa, sai ta ji rodin ya yi mata nauyi.

"Sarauniyar gora, yau wata tsohuwa ta sa gilashi ta ga fuskar jikanta sarai, ta fashe da kuka. Ni ma haka na ji ranar da kika ɗaga labulen nan."

"Daɗin baki. Ka ci abinci?"

"Ban ci ba. Ina jiran ki ce in turo manya."

Ta daɗe tana kallon saƙon. Sannan ta rubuta: "Turo."

Kuskuren Ido Huɗu ɗaya ne. Kafin manyan su zo, ya je gaishe da Mai Gora shi kaɗai. Ya durƙusa, suka gaisa, dattijon har yana yi masa wasa. Sai tausayi ya ja bakinsa.

"Baba, akwai wani likitan ido da muke tura masa mutane. Da za ka yarda in raka ka…"

Fuskar Mai Gora ta canza nan take.

"Wa ya ce maka idona na ciwo?"

"Ba wanda ya ce, Baba. Aikina ne, na lura…"

"Ka lura. Ka shigo rumfata da sunan ciniki, ashe leƙen asiri ka zo. Gobe ka zauna a shagonku ka ce Mai Gora ya makance, 'yarsa ke ci da shi. Tashi ka ba ni wuri."

Da yamma ya kira Auta gaban mahaifiyarta da yayanta.

"Yaron nan ba shi da kunya, ba shi da ta ido. In kika sake yi masa magana, a baki ko a waya, ban yafe ba."

Umma ta sunkuyar da kai. Yaya kuwa ya gyara zama.

"Dama ga Dillali nan yana ta bina da maganarki. Mutumin kirki, shi ke kwashe rabin kayanmu. Gidansa bayan layin nan ne, ko kin yi aure ba abin da zai canza."

Auta ta roƙi alfarmar saƙo ɗaya tak. Aka ba ta.

"Ido Huɗu, Baba ya ɗaure ni da kalmar da ba zan iya tsallakewa ba. Ba zan ƙara rubuto maka ba sai ya kwance ta. Ka yi haƙuri, ka jira ni. Kuben sandarka na kusa, da hannuna nake yi."

Ya amsa: "Zan jira, hasken idona. Ko shekara nawa ne."

Ta karanta, ta kife wayar.

Kuben nan ta ba shi duk abin da ta iya. Ta zaɓi gorar da ta fi kowace daɗewa a rataye, ta goge ta da mai sau bakwai har tana ɗaukar ido. Ta zura sandar ciki da kanta, ta rufe, ta miƙa wa Yaya ya kai masa, tunda ita an hana ta.

Yaya ya juya kuben a hannunsa, ya yi fito. Bai kai shi shagon tabarau ba. Ya kai wa Dillali kyauta, don a ƙara ɗanƙon zumunci. Sannan ya yanko ɗanyar gora daga tarin da aka kawo makon nan, ya huda ta gaba-gaɗi, ya shafe ta da mai, ya naɗe bakinta, ya buga tambarin Baba. A ciki ya zura sandar marigayin.

"Ga kayanka," ya ce wa Ido Huɗu a bakin shago. "Auta ta ce in gaya maka ka daina jira. Ta amince da Dillali."

Ido Huɗu ya rubuta mata saƙo uku a ranar. Ta gani, ta karanta, tana hawaye, ba ta san abin da aka gaya masa ba, don abin da ya rubuta kawai shi ne, "Gaskiya ne?" Ta ɗauka maganar rantsuwar Baba yake nufi. Ba ta amsa ba. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa.

Ya ɗora kuben a saman kabad bai buɗe ba. Ganinsa ma ba ya so.

Dillali ya fara zuwa zance. Mutum ne mai fara'a da yawan turare, sai dai hirarsa ba ta wuce abu ɗaya.

"Kube nawa kike iya gamawa a mako, ranki ya daɗe?"

"Biyar."

"In aka samo miki injin gogewa fa? Takwas?"

 Har ya gama zuwansa bai taɓa tambayar ta ko ta gaji ba.

Damina ta sauka, ta yi wata biyu. Ranar da mahaifin Ido Huɗu ya cika shekara biyu da rasuwa, ya ce bari ya je bakin ruwa inda suka saba zama tare. Ya sauko da kuben. Ya ga tsaga tun daga baki har tsakiya, ga wani gari mai laushi yana zubowa daga ƙananan ramuka. Murfin ya ƙi buɗuwa sai da ya sa ƙarfi.

Wari ya fara fitowa. Ɗanyar gorar ta yi gumi a ciki, funfuna ta rufe sandar baki ɗaya. Mariƙin, inda yatsun mahaifinsa suka yi wa gurbi, ya ruɓe ya zama kamar jiƙaƙƙen biredi. Gorar ta motse ta matse kan sandar, da ya ja sai siririn kan ya karye ya zauna a ciki.

Ya zauna a ƙasa ya daɗe. Sannan ya ɗauki hoto ya tura mata.

"Kin ce da hannunki kike yi. Na gani. Da kin ce ba kya sona kawai ya isa, ba sai kin haɗa da mamaci ba. Ban taɓa zaton akwai mugunta irin wannan a cikinki ba. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Dillali."

Auta tana cin abincin rana a bayan labule saƙon ya shigo. Ta buɗe hoton ta ƙara girmansa. Naɗin zaren dama yake bi, ba hagu ba.

Ta miƙe, kwanon ya kife. Yaya yana bakin ƙofa kusa da Baba yana ɗaure kaya.

"Yaya, ina kuben da na ba ka?"

"Wane kube?"

Ta sa masa wayar a fuska. Ya kalla, ya kau da kai, ya ci gaba da ɗaurinsa.

"To sai me? Sanda ce fa, ba mutum ba."

"Ka ce masa na amince da Dillali?"

"Na ce. Ke yarinya ce har yanzu? In kika bi mai tabarau can ƙarshen gari, wa zai yi aikin? Ni ban iya ba, Baba ba ya gani. Iska za mu ci? Wancan na ukun ma da ya nace, ni na same shi na sallame shi, kuma ga shi ba ki mutu ba."

 Auta ta juya ga mahaifinta.

"Baba, ka sani?"

Mai Gora ya ce, "Ban san maganar kube ba."

"Sauran fa?"

Ya kau da kai gefe.

Ta koma bayan labule. Ta wanke rodi, ta rataye zarto, ta kashe garwashi da ruwa. Ta cire farin tabaraun ta sa a jaka, ta wuce gida.

Kwana shida ba a ji ƙarar zarto a rumfar ba. Ba ta yi rashin kunya ba, ba ta ɗaga murya ba. Tana gaishe da Baba da safe, ta kai masa ruwan alwala, ta koma ɗaki. Wayar tana gefenta, saƙon yana ciki, ba ta amsa ba, don kalmar Baba tana nan.

A kwana na huɗu Dillali ya zo ɗaukar kaya ya tarar babu. Ya nemi ganinta.

"Na ji an ce kin ajiye aiki. Wasa ne ko?"

"Na ajiye. In ka aure ni, mace za ka aura, ba rumfa ba."

Ya yi 'yar dariya, ya shafa gemu. "Ai ni da sana'arki na gan ki, ranki ya daɗe. Bari dai in je in yi shawara."

Shawarar ba ta ƙare ba har yau.

A kwana na bakwai Mai Gora ya ce shi zai yi da kansa, ai kafin a haife ta yake yi. Ya lalubi zarto, ya dafa gora. Ja na uku zarton ya sauka a kan babban yatsansa. Umma ce ta ɗaure masa hannun da gefen zanenta, jini yana ɗiga a kan garin gora.

Washegari Umma ta yafa mayafi ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Ta yi tambaya har ta samu shagon tabarau. Ido Huɗu ya gan ta ya rasa inda zai sa kansa, ya jawo mata kujera.

"Ba zama na zo yi ba, ɗana. Ita an ɗaure bakinta, ni ba a ɗaure nawa ba, ni na ɗaure shi da kaina shekara huɗu. Kuben nan ba aikinta ba ne. Ba ta amince da kowa ba. Ka ɗauko shi yadda yake ka kawo wa mahaifinta."

Ya zo da yamma. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya tura kuben gaban Mai Gora.

Dattijon ya ɗauka da hannunsa mai lafiya. Ya auna nauyinsa. Ya bi tsagar da yatsa, ya kai hanci ya shinshina. Ya zura yatsa ciki ya ji kaushin gaɓar da ba a goge ba. Can ƙasa yatsansa ya tsaya a kan tambarinsa.

"Ɗanya ce," ya ce a hankali. "Ko sati biyu ba ta yi da sara ba aka huda ta. Kuma da sunana a kai."

Ya nemi sandar. Aka sa masa guntayen a tafin hannu. Ya shafa ruɓaɓɓen mariƙin, ya daɗe yana shafawa.

"Wannan ba ta gyaruwa."

"Na sani, Baba."

"Shekara talatin ban taɓa lalata wa mutum sanda ba." Ya ajiye guntayen. "Likitan nan naka, yana nan?"

Suka je su uku, da Umma. Likita ya haska, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ajiye fitilarsa.

"Baba, hawan jinin ido ne. Da yanar ido ce, da mun cire. Wannan jijiyar yake ci a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na dama ya tafi. Na hagu saura ɗan haske, za mu yi ƙoƙarin riƙe shi da magani. Da shekara uku ko huɗu baya ka zo, da wata maganar muke yi."

 Sai da suka iso ƙofar gida Mai Gora ya ce a kira Auta.

"Na kwance kalmata. Ki yi masa magana."

Ya shige ciki yana lalube bango, ya ƙi a riƙe shi.

Suka tsaya a zaure su biyu. Ido Huɗu ya ga ta rame, ƙasusuwan wuyanta sun fito.

"Hasken idona…"

"Kada ka kira ni haka yau." Ta ɗago ta dube shi. "Wata biyu kana zaune kana kallon hannuna. Kai ka tambaye ni me ya sa naɗina ke bin hagu. Ido huɗu gare ka, ko ɗaya bai duba zaren ba. Ka ce akwai mugunta a cikina."

"Raina ne ya ɓaci, Auta. Sandar…"

"Na san abin da sandar take a wurinka. Shi ya sa na goge kubenta sau bakwai. Yaya ya cuce ni, Baba ya cuce ni, su na san dalilinsu, tsoro ne. Kai fa?"

Ya cire tabaraun ya goge idonsa da bayan hannu. "Ba ni da dalili. Ki yafe mini."

"Zan yafe. Ba yau ba."

Sati uku tana amsa saƙonsa da kalma ɗaya. Kullum da safe sai ya rubuto, bai fasa ba.

"Na duba zare yau. Na rigata ne, ya bi dama. Ban yarda da shi ba."

Ba ta amsa ba.

"Na kai wa Baba maganin ɗigawa. Ya ce hannuna ya fi na Umma nauyi, amma ya bari na ɗiga masa."

"Na gode."

"Auta, ba ni da sanda, ba ni da kube, ba ni da uzurin zuwa rumfa. Ke kaɗai ce uzurina. In turo manya?"

Wannan ya kwana biyu ba amsa. A rana ta uku ta rubuta: "Turo, Ido Huɗu. Amma wannan karon kada ka riga su zuwa."

Manya suka zo, aka ba su. Yaya ya tattara kayansa ya tafi wani gari neman aiki sati guda kafin ɗaurin auren, bai yi wa ƙanwarsa sallama ba. Auta ta koma rumfa, amma ta yaye labulen buhun ta ninke. Duk wanda ya zo ya gan ta da rodi a hannu. Wasu suka juya, suka ce su aikin Mai Gora suka sani, ba na mace ba, alhali nata suke ratayawa shekara huɗu. Wasu suka tsaya.

Ranar da za a kai ta, aka shigar da ita ɗakin mahaifinta. Yana zaune a bakin gado, Umma a gefe, ango ya durƙusa a bakin ƙofa. Auta ta durƙusa ta dafa gwiwarsa.

"Baba, da ka tambaye ni, da na gaya maka ko na yi aure ba zan bar rumfar ba. Ba wanda ya tambaye ni."

"Na ji tsoron amsar," in ji shi.

Ya juya wajen Umma. "Wane kaya ta sa?"

"Shuɗi ne, mai ɗinkin zare fari a wuya. Ta yi kyau."

Ya ɗaga hannu ya lalubi fuskarta. Ya bi goshinta, ya bi kumatunta, ya tsaya a gefen idonta inda fata ta fara 'yar tattara.

"Rabon da in ga fuskar nan sarai kina da ashirin da uku. Ni a wurina har yanzu haka kike. Ashe kin girma a bayan labule ban gani ba." Hawaye ya gangaro daga idon da ya mutu da wanda ya rage. "Na ci miki shekara huɗu, Auta. Ba ni da inda zan samo su in mayar miki."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, mayafinta na rawa.

"Kai, matso," ya ce wa angon.

Ido Huɗu ya matso da gwiwa. Dattijon ya lalubo hannunsa, ya lalubo nata na hagu mai kantar aiki, ya haɗa su, ya ɗora nasa mai tabo a kai.

"Ka gaya mini gaskiya na kore ka. Ka riƙe halin nan, ko da ita ma za ta kore ka. Ke kuma in ya ɓata miki, ki faɗa masa a ranar, kada ki koyi shirun gidan nan. Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da ba za ku ji tsoron tafiyarsu ba. Ku tashi ku je, mota na jira."

Umma ta ce amin, ta sake cewa amin, sannan ta kama hannun 'yarta ta miƙar da ita.